Magani Daga Nesa: Alhakin Yana Wuyan Wa?

 Sharhinmu na yau a kan magani ne, maganin da ke zuwa daga nesa, wanda mai bayarwa bai ga mara lafiya ba, shi ma mara lafiya bai ga mai bayarwa ba, waya ce kaɗai a tsakaninsu.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Tsohuwa ta kwanta a ƙauye, an kai ta ƙaramin asibiti, ma'aikacin lafiya ya rubuta takarda ya ce wannan babu shi a nan, sai birni. Sai a ɗauki hoton takardar a tura wa ɗanta da ke Kano ko Kaduna ta WhatsApp. Shi kuma ya faɗa shagon magani ya miƙa wayarsa, yaron shago ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙanƙance ido yana laluben rubutun, ya ɗauko abin da ya fi kama da shi. A ƙulle a leda, a rubuta lambar waya a jiki, a kai tasha a ba direba da ɗan na goro. Ledar nan ta wuni a gaban mota, rana na dukanta ta gilashi. Da la'asar ta isa gida, sai saƙon murya ya biyo baya: "Farin biyu da safe biyu da dare, kafson ɗaya-ɗaya, in ji mai kemis." Shi ke nan. Ba wanda ya tambaya ko tsohuwar na da hawan jini, ko akwai wani maganin da take sha, ko ƙodarta lafiya lau take.

To wannan ai shi ne bayar da magani daga nesa, kuma mun daɗe muna yi tun kafin masu manhajoji su shigo kasuwar. Saboda haka idan ka ji manya na taro a otal suna muhawara ko ya dace a ƙyale shi, ka sani an makara. Abin da ya rage a tambaya shi ne, idan abu ya ɓaci wa za a riƙe? Direba ne, ko yaron shago, ko ɗan da ya yi biyayya ya aiko wa mahaifiyarsa? A halin da ake ciki, ba kowa. Sai a yi addu'a a ce kwana ya ƙare. Kwana kam in ya ƙare ya ƙare, amma wannan bai wanke wanda ya yi sakaci ba.

Bari mu ɗan tsaya kan abin da ake rasawa idan babu masanin harhaɗa magunguna a tsakani, domin da yawanmu kallon mai miƙo kwali kawai muke yi masa. Ɗauki ƙwayoyin nan rawaya na maleriya da aka fi bayarwa tun da Najeriya ta jingine kulorakwin wajajen 2005. Sau shida ake shan su cikin kwana uku. Sha na biyu yana bin na farko bayan awa takwas, sauran kuma safe da dare. Ana so a sha su da abinci mai ɗan maiƙo, ko da madara ce, domin haka ne jiki ya fi karɓar su. Yawan ƙwayar kuma nauyin yaro ake bi: mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, mai kilo 15 zuwa 24 ƙwaya biyu, a haka har zuwa huɗu ga babba. Uwar da ba a zaunar da ita aka yi mata wannan bayani ba, tana ganin zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu sai ta ɗaga ragowar ta ajiye wa ƙaninsa. Bayan mako biyu ciwo ya dawo, a ce maganin ne jabu, ko a ce taifot ne ya shigo, a sake buɗe sabon shafin kashe kuɗi.

Ko ka duba abin nan da muke kira haɗi. Manomi ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Sai a ɓalla masa daga wannan kati da wancan, ƙwayar kashe zafi iri biyu ko uku waɗanda aikinsu ɗaya ne, a jefa ƙaramar ƙwayar nan da mata ke sha don ƙiba, a naɗe a takarda. Ya sha ya ji garau, gobe ya dawo. Wata shida a haka, ga gyambon ciki, ga hawan jini ya ƙi sauka, wani ma sai an kai ga wankin ƙoda. Wanda ya yi shekara biyar ko shida a jami'a yana karatun magunguna, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, aikinsa ke nan ya ce a'a, waɗannan biyun ba sa haɗuwa.

Matsalar ita ce irin wannan mutum ba ya ƙauye. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana yaye su, ga Bayero a Kano, ga Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga Maiduguri da Jos, amma suna gamawa sai birni, wasu ma sai ƙasar waje. Ban kuma ga laifinsu ba. Wanda ya zuba jari ya buɗe babban shagon magani yana neman inda za a yi ciniki ne, kuma ƙauyen da rabin mutanensa bashi suke karɓa sai kaka ba zai riƙe shi ba. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, shi ya sa mai kemis ya zama likita, ya zama malamin jinya, ya zama mai awo. A doka, lasisin da hukumar PCN, wato majalisar da ke kula da harkar harhaɗa magunguna a Najeriya, ke ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne cikin kwalinsu na asali, waɗanda ba sa bukatar takardar likita. Ba a yarda ya yi allura ba, balle ƙarin ruwa. Amma leƙa bayan labulen shagon ka ga benci da ƙusa a bango inda ake rataya ledar ruwa. Lokaci-lokaci hukuma kan fito samame, ta garƙame ɗaruruwan shaguna a jiha guda, a sanar a labarai. Bayan 'yan makonni a sake buɗewa, ko mai shagon ya koma sayarwa daga ɗakin soro, domin ciwon da ke kawo mutane wurinsa bai san an rufe ba.

Akwai wani wuri da ya taɓa shiga irin wannan hali, kuma yadda ya ɓullo wa abin ya isa a tsaya a duba. Jihar Dakota ta Arewa ce a Amurka, can iyaka da Kanada. Faɗin ƙasarta ya ninka jihar Neja fiye da sau biyu, amma a shekarar 2000 mutanenta ba su kai 650,000 ba. Manoma ne da makiyaya a ƙananan garuruwa masu nisa da juna. Tsofaffin masu shagunan magani suka riƙa yin ritaya, matasa suka ƙi gadon su, har sama da shaguna 20 suka rufe, ya zama sai mutum ya yi doguwar tafiya cikin ƙanƙara kafin ya sami maganin ciwon suga. A 2001 hukumar magunguna ta jihar ta fitar da ƙa'idojin gwaji, a 2002 jami'ar jihar da ke Fargo ta sami tallafin gwamnatin tarayya ta fara aikin, a 2003 ƙa'idojin suka zama na dindindin.

Ga yadda suka tsara. Shagon ƙauye na nan a buɗe da magungunansa a kan kanta, amma mai tsaronsa ƙwararren mataimaki ne mai rajista, wanda ya yi aƙalla shekara guda yana aiki. Idan aka kawo takarda, shi zai ɗauko maganin ya ƙirga ya buga lakabi. Amma ba zai miƙa ba. Sai ya ɗora takardar likitan a ƙarƙashin kyamara, ya ɗora kwalbar da ya ɗebo daga ciki, ya ɗora ƙwayar kanta. Masanin magunguna da ke zaune a wani gari mai nisa ya duba duka a allon kwamfuta, ya gwada da tarihin mara lafiyar, sannan ya ce a bayar. Daga nan a shigar da mara lafiya wani ɗan ɗaki a rufe ƙofa, su yi magana fuska da fuska ta bidiyo. An ƙayyade cewa babban shago ɗaya ba zai riƙe fiye da rassa huɗu ba, kuma duk wata sai masanin ya taka da ƙafarsa ya je ya duba reshen. Idan layin sadarwa ya yanke, bayar da magani ya tsaya. Da wannan tsari shagunan da ke cikin shirin suka haura 80, kuma kimanin mutum 80,000 suka ci gaba da samun magani a garuruwansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin nan shi ne duk ƙwayar da ta fita daga shagon ƙauyen, akwai sunan mutum guda mai lasisi a kanta, wanda in an yi kuskure shi za a kira, lasisinsa ne a kan siraɗi. Kyamara da kwamfuta kayan aiki ne kawai da suka ba shi damar ɗaukar wannan nauyi daga nesa.

Mu ma ba a ce ba mu taɓuka komai ba. A 2021 PCN ta fitar da ƙa'idojin sayar da magani ta intanet, waɗanda suka wajabta rajista, suka kuma ce dole a sami masanin magunguna mai lasisi da ke kula da kowane shafi. A 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar hukumar, wadda ta ƙara mata ƙarfi a kan duk inda ake ajiye magani ko sayar da shi. Gana ma a 2022 ta ƙaddamar da dandali guda na ƙasa da ke tattara shagunan magani masu rajista, domin mai saye ya san da wa yake hulɗa. Duk wannan madalla. Sai dai in ka duba wanda aka yi wa tanadin, za ka ga mutumin Legas ne ko Abuja ko Accra, mai babbar waya da katin banki da adireshin da ɗan aike zai gane. Shi kuwa wannan bawan Allah ko ba manhaja, in ya leƙa ta taga zai hango shagon magani. Matar da ke ƙauyen da sai an hau babur an tsallake rafi, wadda ita ce ainihin mai bukata, ba ta cikin lissafin.

Ni a ganina daga shagon kemis ya kamata dokar ta fara, tunda shi ne ke nan a ƙasa. Kuma an riga an aza harsashi. PCN ta ɓullo da tsarin kasa masu kemis hawa uku: waɗanda ba su da karatun lafiya, waɗanda suka yi karatun jinya ko na lafiyar al'umma, da mataimakan masana magunguna da suka fito daga kwalejojin kimiyyar lafiya. Kowane hawa da iyakar abin da zai ajiye. An fara gwada shi a Kaduna da Legas. Tanzaniya ta riga mu bin wannan hanya, tun 2003 ta fara a yankin Ruvuma, ta horar da masu ƙananan shaguna, ta tantance su, ta ba su izinin wasu magunguna da a da aka hana su, daga baya tsarin ya game ƙasar. Abin da ya rage mana shi ne a ɗaura kowane shago na hawa na biyu da na uku a wuyan wani masani guda sananne. Duk maganin da ya wuce na zazzaɓi da ciwon kai, ba zai fita ba sai an kira shi ya gani ya amince, ya kuma yi magana da mai karɓa. A madadin haka, a faɗaɗa wa shagon jerin abin da zai iya ajiyewa a fili, kamar na hawan jini da na suga ga wanda likita ya riga ya ɗora a kai. Abin da ake yi a bayan labule ya dawo gaban kanta, inda ido zai gan shi.

Na san za a yi gunaguni ta ɓangare biyu. Masu manyan shaguna za su ce an ba 'yan kemis ƙafa su ci kasuwarsu, 'yan ƙungiyar masu kemis ta NAPPMED kuma su ce an kawo musu ubangida. Tsamin dangantakar da ke tsakaninsu ba ta yau ba ce. Wasu jihohin Amurka sun raba wannan gardama da tazara, suka ce ba a buɗe reshen nesa sai inda ya kai mil 10 daga cikakken shagon magani mafi kusa. Irin wannan sharaɗi zai yi mana amfani, domin in ba haka ba cikin birni za a cika da rassa, inda kuɗi yake, a sake barin ƙauye da ƙishirwa.

Amma akwai haɗarin da ya fi wannan girma, kuma 'yan cikin sana'ar sun fi ni sanin sa. Hayar lasisi. Ɗan kasuwa na son buɗe shago, doka ta ce sai da masani, sai ya nemi wani ya ba shi takardunsa a rataya a bango, a riƙa tura masa kuɗi duk shekara, shi kuwa ko hanyar shagon bai sani ba. Wannan yana faruwa yanzu, a lokacin da doka ke cewa dole ya kasance a tsaye cikin shagon. To ina ga an ce masa ya halatta ya zauna a nesa? In ba a yi hattara ba, sai a wayi gari mutum ɗaya na riƙe da shaguna 40 a jihohi uku, wayarsa a kashe, yana wani aikin gwamnati. A nan dokar za ta tsaya ko ta faɗi. Dole a yanke adadin shagunan da mutum ɗaya zai riƙe, kuma su kasance inda zai iya zuwa ya dawo a yini guda. Dole kowace amincewa ta bar sawu, da rana da sa'a da sunan magani, yadda mai bincike zai zo ya ce nuna mini kiran da aka yi kafin a ba wance wannan. Na'ura ta iya wannan aiki sarai, ta ma fi littafin rajistar da ake cikewa a dare ɗaya idan an ji masu bincike na tafe. Wanda aka kama ya bayar da hayar suna kuwa, a karɓe lasisin, a kuma faɗi sunansa kowa ya ji.

Sai maganar layi. Ƙa'idar Dakota ta cewa in sadarwa ta yanke a dakata, in aka kwafo ta yadda take, rufe shaguna za ta yi. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka biyo da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. Ko ba wannan ba, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. Don haka kada a ce lalle sai bidiyo. Hoton takarda da hoton kwali, sai kiran murya, sun wadatar a yawancin lokuta. Sannan a rubuta tun yanzu abin da mai shago zai iya yi in layi ya ɗauke: ya gwada maleriya da ɗan tsinken awon nan da ke nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20 ya ba da magani, ya ba da ruwan gishiri da suga da ƙwayar zinc ga yaro mai gudawa, ya ci gaba da ba mai hawan jini abin da aka riga aka ɗora shi a kai na ɗan lokaci, ya rubuta, in layi ya dawo ya kai rahoto. Kuma wanda ke ɗaya ƙarshen wayar ya zama mai jin yaren mara lafiya. Bayanin da aka yi wa Bafulatanar ruga da Turanci ba a yi shi ba.

Akwai kuma rukunin da bai kamata ya bi ta wannan hanya ba ko kusa. A Amurka wani matashi ɗan shekara 18 mai suna Ryan Haight ya mutu a 2001 bayan ya sha ƙwayar kashe zafi mai sa maye da ya saya ta intanet, da takardar likitan da bai taɓa ganin sa ba. A 2008 aka yi doka da sunansa, wadda ta ce irin waɗannan magunguna sai likita ya duba mutum ido da ido kafin ya rubuta. Mu ba ma bukatar a ba mu labari. Mun ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure kafin a hana haɗa shi da shigo da shi a maganin tari a watan Mayun 2018, muna kuma ganin taramol mai lamba 225 da doka ba ta san da shi ba yana yawo a tasha. Binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa su cikin shekara guda. Shagon ƙauye da ke ƙarƙashin kulawar nesa kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya daga cikin wannan rukuni. Wannan kariya ce ma ga mai shagon, domin masu ɗauke da bindiga a daji sun san inda suke neman irin waɗannan ƙwayoyi.

Wani abin da kyamara ba ta iya gani shi ne cikin ƙwaya. Masani na iya duba kwali ya ce daidai ne, alhali alli ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙoran yara da ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009. Saboda haka duk shagon da ya shiga tsarin, a san inda yake saro kaya, da rasiɗi da lambar kowane zubi, yadda in hukumar NAFDAC ta ce a janye wani magani, saƙo ɗaya zai isa kowane shago a yini guda. Wannan ne ma dalilin tayar da 'yan magani daga kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2024 zuwa cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya, duk da ƙorafin tsadar shaguna da 'yan kasuwar suka yi, wanda shi ma abin saurare ne. Tun 2010 akwai tsarin kankare jikin kwali a tura lamba ta saƙon tes a ji ko na gaske ne, amma mutum nawa ke yi? A ɗora wa mai shago, ya kankare a gaban mai saye.

Zafi ma ɓarawo ne da ba a gani. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri na haura 40, balle cikin shago mai rufin kwano ba silin. Allurar insulin ta masu suga da allurar tsayar da jini bayan haihuwa sanyin firiji suke so. Jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline, da suka fara a Ruwanda a 2016 suka iso Kaduna a 2022, sun nuna ana iya kai irin waɗannan kaya asibitin ƙauye cikin ƙanƙanin lokaci. Amma mafi yawan maganinmu a babur da motar haya zai ci gaba da tafiya, don haka ƙa'idar ta sauko ta yi magana a kan akwatin sanyi da ma'aunin zafi a bangon shago.

To wa zai biya? Masanin da zai zauna yana amsa kira daga shaguna huɗu ba sadaka zai yi ba. In aka ce ya ci daga ribar abin da aka sayar, an koya masa ya riƙa cewa a ƙara. In aka ɗora wa mara lafiya kuɗin kira, zai koma wurin mai tallar magani a tire ranar kasuwa. Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ke karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ga kuma hukumomin inshorar lafiya na jihohi. Daga nan ya kamata ladan dubawar ya fito, a biya shi kan kowace takarda da ya tantance, ko ya ce a bayar ko ya ce a hana. A nan ne ma gwamnoni ke da abin yi. Tsarin mulkinmu ya sa harkar magunguna a hannun tarayya, saboda haka jiha ba za ta iya tashi ta yi tata dokar kamar Dakota ba, amma tana da kuɗin inshora, tana da rumbun magunguna, tana da ɗaruruwan matasa da suka gama kwalejin lafiya suna zaune ba aiki.

Kada kuma a manta da sirri. A ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne. Macen da ke karɓar maganin tazarar haihuwa, ko mai ɗauke da cutar da ake tsangwama, in ta san hoton takardarta zai kwana a wayar yaron shago, wayar da abokansa ke karɓa su kalli fim, ba za ta zo ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kariya ta musamman, amma sai an fassara ta zuwa abin da za a iya dubawa: wayar aiki daban da ta aljihu, da ɗan lungu mai ƙofa inda mace za ta yi magana ba a ji ba.

Ba sai an jira an game ƙananan hukumomi 774 ba. PCN ta zaɓi 'yan kaɗan a jihar da ta shirya, a gwada shekara biyu, a ƙirga takardu nawa aka gyara, nawa aka hana, kuskure nawa ya kuɓuce, a buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi daɗi ba. Kuma a ƙofar kowane shago a kafa allo da boko da ajami, ɗauke da sunan masanin da ke riƙe da shi, da lambar lasisinsa, da lambar waya ta kyauta da za a kira a kai ƙara, a kuma sanar da mai gari da limami cewa lambar tana aiki.